Motar da Ta Tafasa a Kwanar Dangora

Shirin namu na yau daga bakin titi zai fara.

A ɗauki misalin wani malamin makarantar sakandare a Kano, irin wanda kowace unguwa tana da kamarsa. Shekara 4 yana zubin adashi, ya haɗa da kuɗin wani ɗan fili da ya sayar, ya nufi wurin masu sayar da motoci da yammacin wata Alhamis. Motar tana tsaye a ƙarƙashin rumfa, an wanke ta tas, tayoyi sai ƙyalli suke, cikinta kuwa ƙamshin turare. Dillali ya ɗaga bonat ya ce, "Malam, dubi inji, kamar ka zuba tuwo ka ci a kai. Baljiyam ce, ko wata guda ba ta yi da sauka ba. Mai kawai za ka zuba ka kama hanya." Aka murza makulli ta tashi bugu ɗaya, don tun kafin malam ya iso an riga an ɗumama ta. Aka zaga layi biyu da ita aka dawo. Malam ya taya, aka ce albarka, ya ƙara, aka sallama. Ya tura kuɗi cikin asusun wani suna da bai taɓa ji ba, ya ba da la'ada, aka shafa fatiha.

Ranar Asabar ya kwashi iyali za su Zariya gaisuwa. Suna wuce Kura allurar zafi ta fara hawa. Kafin su kai Kwanar Dangora tururi ya turnuƙe gaban motar, yara sun fara kuka, uwargida tana salati. Bakaniken bakin hanya ya jira inji ya huce, ya buɗe murfin lagireto, ya cika ruwa, ya ce a tayar. Ruwan ya shiga ɓulɓulo da kumfa kamar ana hura shi da tsinke. Ya kwance murfin baƙin mai ya juya shi, sai ga wani abu a manne kamar shayi mai madara da ya kwana. Ya girgiza kai ya ce, "Oga, gasket ne. Kuma ba yau ya ƙone ba."

Malam ya kira dillali. Amsar da ya samu duk wanda ya taɓa shiga wannan hali ya san ta: "Haba Malam, ai lafiya lau ka ɗauke ta a gaban jama'a. Mota kamar mutum take, yau lafiya gobe ciwo. Sai haƙuri."

Galibin irin wannan labari a nan yake mutuwa. Mai saye ya haɗiye takaicinsa, ya ce tsautsayi ne, ya shiga neman bashin gyara. Jama'a da yawa sun ɗauka cewa da zarar an sallama, kuɗi sun shiga hannu, to bakin alƙalami ya bushe. Ba haka dokar Najeriya ta ce ba, ba kuma haka littattafan fiƙihu da alƙalanmu suke hukunci da su suka ce ba. Sai dai haƙƙin da duka biyun suka ba mai saye yana da saurin zubewa, kuma sau tari mai sayen ne da kansa yake zubar da shi a cikin makon farko, bai sani ba.

Kafin a je nan, yana da kyau a san inda motocin suke fitowa. Sunan Baljiyam ya samo asali ne daga zamanin da ake loda tsofaffin motocin Turai a tashar jiragen ruwa ta Antwerp, a sauke su a Kwatano, wasu su bi ta Gaya da Maraɗi ko Birnin Ƙonni su shigo Arewa. Gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, amma sunan bai mutu ba. A yau kaso mai yawa na abin da ake kira Baljiyam daga Amurka da Kanada yake zuwa, kuma da dama daga cikinsu an sayo su ne a gwanjon kamfanoni irin su Copart da IAA. Babbar sana'ar waɗannan kamfanoni ita ce sayar da motocin da inshora ta biya masu su ta karɓe, domin kuɗin gyaransu a can ya kusa kai darajarsu ko ya wuce. Wata karo ta yi, wata gobara ta lasa, wata ruwa ya ci. Lokacin da guguwar Harvey ta nutsar da birnin Houston a watan Agustan 2017, dubban ɗaruruwan motoci ne suka kwana cikin ruwa, kuma ba duka aka kai maƙera ba.

Wannan shi kaɗai ba laifi ba ne. Motar da aka buga wa ƙofa aka gyara da kyau tana iya yin shekara 10 tana aiki. Wanda aka gaya masa ya saya da saninsa, ba shi da abin cewa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Laifin yana farawa ne daga inda aka san ciwon aka lulluɓe shi.

Lulluɓewar kuwa ta zama fanni mai zaman kansa. Injin da ringinsa suka mutu yana shan mai yana fitar da shuɗin hayaƙi, sai a ɗura masa baƙin mai mai kauri, wani har da man giya, hayaƙin ya lafa na 'yan kwanaki. Motar da take zafi, sai a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa, a zuba wa lagireto maganin toshe yoyo. Zagayen layi biyu ba zai tona wannan ba. Sai an hau babban titi an yi tafiyar rabin awa da esi a kunne. Fitilar gargaɗin inji da ke kan dashbod, wadda direbobi ke kira cek, ko dai a goge ta da na'ura da safen ranar ciniki, ko a zare ƙwanta, ko a liƙe ta da baƙin salatif ta ciki. Jakar iskar da ta riga ta fashe a haɗari sai a rufe gurbinta da sabon murfi, ciki wayam. Tukunyar tace hayaƙi da bakanikai ke kira indomi ana yanke ta a sayar daban, saboda ma'adinai masu tsada da ke cikinta. Mita kuwa, mayar da ita baya aikin 'yan mintoci ne ga mai kwamfuta.

Kowace dabara tana barin sawu. Idan aka murza makulli ba a tayar da inji ba, ya kamata fitilun gargaɗi duka su kama, su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an taɓa ta. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 zuwa yau tana da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari da ake jona na'urar bincike, kuma na'urar ba matsalar da ke nan kaɗai take nunawa ba, tana nuna ko kwanan nan aka goge bayanan, domin gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta za su fito ba su kammala ba. Motar da ruwa ya ci ana gane ta a inda mai wanki ba ya kaiwa: busasshen taɓo a ƙarƙashin kafet da ramin safaya, tsatsa a ƙarafan da kujera ke gudu a kai, layin datti a jikin bel idan aka zaro shi har ƙarshe. Ƙaramin maganaɗisu yana kama ƙarfe, ba ya kama inda fanel bita ya cike da fila. Mitar motar Amurka kuma da mil take ƙirga, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, saboda haka 150,000 da aka gani a allo kilomita 240,000 ke nan.

Sai lambar shasi, wadda ake gani ta gilashin gaba a gefen direba da kuma jikin ƙofa. Tun 1981 haruffa da lambobi 17 ne, babu I, babu O, babu Q a cikinsu. Na farko yana nuna ƙasar da aka ƙera motar: J Japan, W Jamus, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada. A motocin kasuwar Amurka, na goma shi ne shekarar samfurin: 8 tana nufin 2008, A tana nufin 2010. Wannan harafi guda ya isa ya tona motar da aka sauya wa fitilu da bamba aka ce sabon yayi ce. Wanda ya rubuta lambar nan a intanet, sau da yawa zai ga hotunan motar tana tsaye a filin gwanjo da gabanta a lotse, da adadin tafiyar da ke mitarta a ranar. Kamfanoni irin su Carfax suna sayar da cikakken tarihinta a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da kuɗin motar. Malamin namu bai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ya ji kunyar ya zo da bakanikensa, kada Alhaji mai wurin ya ga kamar ba a yarda da shi ba. Kunyar nan ta ci kuɗin mutane fiye da yadda ɓarayi suka ci.

To, an riga an saya. Me ya rage?

A farkon 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 117 ya wajabta wa mai sayar da kayan da aka yi amfani da su, ko aka sake haɗa su, ya bayyana hakan a fili. Sashe na 131 ya ce mai saye yana da haƙƙin samun kaya masu aiki, marasa aibu, waɗanda suka dace da abin da aka saye su dominsa. Sashe na 132 shi ne mai nauyi: a cikin wata 3 da karɓar kaya, idan suka gaza wannan mizani, mai saye yana iya mayar da su ba tare da an ci shi tara ba, mai sayarwa kuma ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi. Rubutun da ake bugawa a ƙasan rasit cewa kayan da aka saya ba a dawo da su, ba ya soke abin da doka ta bayar. Ƙarfin wannan doka yana kan wanda sana'arsa ke nan. Idan maƙwabci ne ya sayar da motar hawansa, magana takan koma kan abin da aka yi alkawari da abin da aka ɓoye. Kuma babu alƙalin da zai auna motar shekara 15 da ma'aunin sabuwa. Birkin da ya cinye, batirin da ya yi sanyi, shokin da ya saki, wannan tsufa ne, an saye shi tare da motar.

Abin sha'awa shi ne, malaman fiƙihu sun daɗe da yin wannan rarrabewa, tun ana cinikin raƙuma da dawaki. Hadisi ya zo da labarin mai sayar da hatsi da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya ɗora busasshe a sama, da kuma hukuncin dabbar da aka ƙi tatsa kwana da kwanaki don hantsarta ta cika ta ruɗi mai saye, inda aka ba mai sayen zaɓi ya riƙe ko ya mayar. Wanda ya ɗura wa mataccen inji man giya, da wanda ya ɗaure hantsar akuya, sana'arsu ɗaya. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risala da Muhtasar da Tuhufa, wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibu da ke rage daraja, wanda bai gani ba kuma ba a gaya masa ba, yana da zaɓin mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Idan wani sabon lahani ya same shi a hannunsa, yana iya riƙewa a biya shi bambancin tsohon aibun, ko ya mayar ya biya na sabon. Idan kuwa aka tabbatar mai sayarwa ya san aibun ya ɓoye, kuma aibun nan ne ya hallaka abin, asarar tasa ce. Cewar "na sayar maka yadda ka gan ta" ba ta wanke wanda ya san ciwon ya yi shiru.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Littattafan nan sun ce wanda ya ga aibu ya ci gaba da amfani da abin, kamar ya ci gaba da hawan dabbar ba bisa larurar tafiya ba, ya nuna ya yarda, zaɓinsa ya faɗi. Tsohuwar dokar saye da sayarwa ta 1893 da aka gada daga Ingila ita ma haka ta ce da nata harshen: wanda ya riƙe kaya ya wuce lokacin da ya kamata bai ce ya ƙi ba, ya karɓa, abin da ya rage masa sai neman diyya. Ke nan malamin da ya lallaɓa motarsa ya dawo da iyali gida daga Kwanar Dangora bai yi asarar komai ba. Amma idan ya wayi gari yana zuwa makaranta da ita wata guda, da jarkar ruwa a but, yana ƙarawa a kowace kwana, to da hannunsa yake yaga takardarsa.

Kuskure na biyu ya fi wannan yawa, kuma da kyakkyawar niyya ake yinsa. Mutum ya garzaya gareji, bakanike ya sauke kan inji, ya watsa kusoshi a cikin kwano, ya jefar da tsohon gasket a bola. Bayan kwana 3 a je wa mai sayarwa da magana, shi kuwa abin da yake jira ke nan: "Ai bakanikenka ne ya ɓata ta." Daga nan an shiga musu, don duk shari'ar a kan tambaya guda take tsaye, shin ciwon ya riga ciniki ko bayansa ya zo, kuma hujjar tana cikin injin da aka riga aka wargaza.

Abin da mai hankali yake yi a ranar shi ne ya ajiye motar. Ya ɗauki bidiyon kumfar lagireto da murfin mai da allon mita da lambar shasi. Ya tura wa mai sayarwa saƙo a rubuce, ko ta WhatsApp ne, mai ɗauke da ranar saye da abin da ya faru da abin da yake nema, cikin ladabi, ba zagi, domin wata rana alƙali zai iya karanta shi. Ya adana tallar da aka yi masa da muryoyin da dillali ya turo yana rantsuwa cewa ba a taɓa kwance ko kusa ɗaya ba. Idan za a buɗe inji, a gayyaci mai sayarwa ko wakilinsa, a samu bakaniken da ba na kowa ba, a buɗe a gaban shaidu, a ajiye duk abin da aka cire. Alƙalan kotun Musulunci da na majistare duka suna dogara da bayanin masu sana'a a irin wannan, kuma ƙwararren bakanike yana iya bambance tsatsar wata 6 da ƙunar jiya, yana iya nuna sawun gam da maganin toshe yoyo da wani ya zuba.

Akwai kuma tambayar da kan rikita mutane: wa za a kama? Motar da ke tsaye a wurin Alhaji ba lallai tasa ba ce. Sau da yawa mai kaya yana Legas ko Kaduna, wurin ajiya kawai aka ba shi, dillalai biyu ko uku suna tsakani kowa da ɗan abin da ya ɗora. Malamin namu ya tura kuɗi ga sunan da ba ya kan rasit, rasit ɗin ma ba ya ɗauke da lambar shasi. Takarda guda da aka rubuta a ranar ciniki, mai sunan mai motar na ainihi, da lambar shasi, da adadin mita, da abin da aka ce game da inji da giya da haɗari da takardun kwastan, da sa hannun shaidu 2, da ta rage masa rabin wahala. Dillalin da ya ƙi a rubuta abin da bakinsa ya faɗa, ya riga ya ba da amsa.

Ƙofar farko ta neman haƙƙi ita ce ta kasuwar kanta. Masu sayar da motoci suna da shugabanni da ƙungiya, kuma mai wurin da ke son ya ci gaba da ciniki a gari ba ya son sunansa ya yi wari. Rigingimu da yawa a nan suke ƙarewa, a kan tabarma, da rabon asara. Idan ba ta ɓulle ba, a Kano akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta jiha, akwai Hisba da ke zaman sulhu, akwai kuma zauren sasanci na babbar kotu. FCCPC tana karɓar ƙorafi ta shafinta na intanet. Sai kotu: ta shari'ar Musulunci, ko ta majistare, ko babbar kotu idan kuɗin sun yi yawa. Legas ta buɗe kotunan ƙananan basussuka a 2018, Kano ta bi sahu a 2019, an tsara su ne don a gama shari'a cikin kwana 60, kuma mutum yana iya tsayawa da kansa ba lauya. Suna da iyakar kuɗin da suke saurara, don haka sai a tambayi rajistara kafin a cike takarda.

Ofishin 'yan sanda kuwa, inda zuciya take fara kai mutum, a yi hattara. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓanin ciniki kawai. Wanda ya sa aka kulle dillali kwana 2 don a matsa masa ya biya, yana iya wayar gari shi ake ƙara a kan tauye haƙƙi. Inda hukuma take da hurumi shi ne inda aka yi zamba ƙarara, kamar takardun kwastan na jabu, ko lambar shasi da aka sauya, ko motar sata. Dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ta tanadi hukuncin cuta da yaudara.

Malamin namu ya yi sa'a ɗaya: kuɗin gyara ne ba shi da su, shi ya sa ba a taɓa injin ba. Motar ta yi kwana 9 a ƙofar gida, yara suna wasan direba a ciki. Wani ƙanin matarsa ya rubuta lambar shasin a wayarsa, sai ga hotunanta a filin gwanjo, lagireto a fashe, mita tana nuna abin da ya ninka na yanzu. Da hotunan aka je gaban shugaban 'yan kasuwar. Aka kira mai kaya a waya, ya fara da rantsuwa, aka tura masa hoto na farko, ya yi shiru, sannan ya ce a ba shi Alhaji su yi magana. Ba a karɓi motar ba. An mayar wa malam kuɗin da ya isa ya sayi wani injin a Ƙofar Ruwa, kuɗin aiki da na janwe daga aljihunsa, la'ada kuwa dillali ya ce an riga an ci. Wannan karon da bakanikensa ya je, kuma sai da aka rubuta masa garantin mako 2 a bayan rasit kafin a ɗora injin a kan a-kori-kura.

Mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, shirin zai duba takardun kwastan, da yadda mota mai lafiyayyen inji take kwana a hannun jami'ai a kan hanyar Abuja. A huta lafiya.